WA ZAI CI DA TSOHO?

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yau za mu taɓa wata magana wadda ma'aikaci ba ya son a yi masa ita tun yana da sauran ƙarfi, ɗan kasuwa kuwa yana ganin ba da shi ake ba. Maganar ita ce ta ranar da mutum zai ajiye aiki, ko don doka ta ce ya ajiye, ko don gwiwa da ido sun gaza. Ran nan dai tukunya ba ta san an yi ritaya ba, haka mai kuɗin haya da mai magani. To, wa zai ci da tsohon nan?

Kowace al'umma tana da amsar da ta ba wannan tambaya, kuma amsar ce take gyara halin mutanenta tun suna samari. Wanda ya san Gwamnati za ta riƙe shi, dabam yake rayuwa da wanda ya san abin da ya tara shi ne nasa, shi kuma dabam da wanda ya dogara ga 'ya'yansa.

A wannan zamani Turawa ne suka fara aza kayan nan a kan Gwamnati. A 1889 Bismak, shugaban gwamnatin Jamus, ya sa aka yi dokar da ta tilasta wa lebura da mai ba shi aiki su riƙa zuba wani abu, Gwamnati ta ƙara nata, in mutum ya kai shekara 70 a riƙa biyansa. Ba tausayi kaɗai ya motsa shi ba, so yake ya janye leburorin masana'antu daga jam'iyyar 'yan gurguzu. Ya kuma san lissafinsa, domin a lokacin leburan da zai ga shekara 70 ba shi da yawa. Ingila ta bi sahu a 1908, inda aka yanka wa tsoho matalauci mai shekara 70 sule biyar a mako, ya je Gidan Waya ya karɓa. Amurka ta yi tata dokar a 1935, zamanin Shugaba Rusbel, ko da yake Ba'amurke ya saba da cewa abin da Gwamnati ke bayarwa ɗan tallafi ne, sauran kuwa shi zai tara wa kansa a asusun da ake juyawa a kasuwar hannun jari.

Inda wannan tsari ya shiga jinin mutane ƙwarai shi ne Faransa. A can abin da ake cira daga albashin masu aiki yau, shi ake biyan tsofaffin yau da shi, watau ba ajiya ake yi wa mutum ba, adashi ne tsakanin samari da dattawa. Saboda haka Bafaranshe yana ɗaukar ritaya hakkinsa ne, lokaci ne na hutu da ya saya da guminsa. A 1982 aka sauko da shekarun ritaya zuwa 60, a 2010 aka mai da su 62. Da Gwamnatin Makron ta ɗaga su zuwa 64 a 2023, sai ƙasar ta yamutse: mutane fiye da miliyan suka fito tituna ba sau ɗaya ba, masu kwashe shara suka yi yajin aiki har bola ta yi tsibi a birnin Faris. Shekara biyu kacal ake jayayya a kai! Amma abin da ya kawo rigimar lissafi ne wanda kowane mai adashi ya sani: in masu kwasa suka yi yawa, masu zubi suka ragu, tilas zubi ya ƙaru ko kwasa ta jinkirta. Turai ta rage haihuwa, tsofaffinta kuma sun ƙara tsawon rai.

Mutumin Japan matsalarsa ɗaya da ta Bafaranshe, har ma tasa ta fi, gama kusan mutum uku cikin goma a ƙasar sun kai shekara 65. Amma halinsa ya bambanta. Shi zaman banza abin kunya ne a wurinsa, kuma kimanin rabin waɗanda ke tsakanin shekara 65 da 69 suna kan aiki. A 2021 wata doka ta fara aiki wadda ta nemi kamfanoni su yi ƙoƙarin samar wa ma'aikaci abin yi har ya kai 70, ba a kuwa ga wani ya ƙona taya ba. Abin da ya tayar musu da hankali wani rahoto ne da ya fito daga hukumar kula da harkokin kuɗi a 2019, wanda ya ce miji da mata masu ritaya za su bukaci kimanin yen miliyan 20 na kansu, ban da fensho, in suka ƙara shekara 30 a duniya. Surutu ya yi yawa har ministan kuɗi ya ƙi karɓar rahoton. Ƙin karɓa dai bai canja lissafin ba.

Akwai kuma ƙasashen da suka ce su ba za su yi adashi ba, kowa ya tara nasa, amma tilas. Singafo ta kafa asusunta a 1955, kuma ma'aikacin da bai kai 55 ba ana cire masa kashi 20 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki ya ƙara kashi 17. Maƙwabciyarta Malesiya ta riga ta, tun 1951. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin ƙasa ce da Musulmi suka fi yawa, kuma ta ci karo da irin tambayoyin da muke yi wa malamanmu.

Wani masanin tattalin arziki na ƙasar, Ungku Abdul Aziz, ya lura da yadda manoman ƙauye ke tara kuɗin aikin Hajji. Ba sa kai wa banki don gudun riba, sai su ɓoye a ɗaka ko su sayi dabba, in lokaci ya yi su sayar da gona su cika. Alhaji ya dawo da lada, amma ya dawo ba gona, ga tsufa. Daga shawararsa aka kafa asusun alhazai a 1963, wanda aka sani da Tabung Haji, inda mutum zai riƙa zuba kaɗan-kaɗan, a juya kuɗin ta hanyar halal, ya tafi Makka gonarsa na nan. Sa'an nan daga farkon 2017 babban asusun ma'aikata na ƙasar ya buɗe sashe na musamman wanda ba a sa kuɗinsa sai inda Shari'a ta yarda. Kada mai karatu ya zaci aljanna ce. Asusun alhazan nan ya shiga matsala a 2018 har Gwamnati ta sa hannu ta gyara shi. Kuma a lokacin annobar korona, tsakanin 2020 da 2022, an yarje wa ma'aikata su taɓa ajiyarsu ta tsufa, suka kwashi wajen ringit biliyan 145, da yawa suka wayi gari rumbunsu ya kusa zama wayam. Duk da haka sun nuna abu guda: tsoron riba ba hujja ba ne na zama ba tanadi, dalili ne na neman hanyar tanadi mai tsarki.

Amsa ta uku ita ce mafi daɗewa, watau 'ya'ya. Abin lura shi ne, ƙasashen da suka shahara da girmama iyaye su ne yanzu suka koma ga alƙali don a tilasta shi. A 1995 Singafo ta yi dokar da ta ba uba ko uwa mai shekara 60, wanda ba ya iya riƙe kansa, damar ya kai ƙarar 'ya'yansa a yanka masa abin da za su riƙa ba shi. Indiya ta yi irinta a 2007. Ƙasar Sin, wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana hana yawancin iyalai haihuwar fiye da ɗa guda, ta kai ga rubuta a doka a 2013 cewa wajibi ne 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu. Duk al'adar da sai an rubuta ta a doka kafin a bi ta, to, ta fara ciwo.

Mu a ƙasar Hausa wannan amsa ta uku muka gada. Fenshon kakanninmu shi ne gandu: uba da 'ya'yansa maza suna noma gona guda, rumbu guda, in ƙarfinsa ya tafi ya koma gindin bishiya yana ba da umarni, tuwonsa na zuwa safe da dare. Fenshon Bature ya zo daga baya, ya kuma tsaya ga ma'aikatan Gwamnati da na En'e. Yau gandu ya watse a wurare da yawa, gona ta tsattsage da rabon gado, ɗa yana Legas ko Abuja yana fama da kuɗin haya da na makarantar nasa 'ya'yan. Amma har yanzu in ka ce wa magidanci me ya tanadar wa tsufansa, sai ya nuna maka yaransa, ya ce sauran kuma Allah na nan.

Allah na nan, babu shakka. Sai dai mu duba abin da littattafanmu suka ce game da yaran. A mazhabar Imam Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da kuma Muhtasar na Shaihu Halil, ciyar da iyaye wajibi ne a kan ɗa, namiji ko mace, amma bisa sharaɗi biyu: iyayen su kasance matalauta, ɗan kuma ya kasance mawadaci, watau yana da rara bayan abincin kansa da na iyalinsa. In 'ya'yan suna da yawa, a raba musu gwargwadon wadatar kowa. Ka ga ke nan Shari'a ta aje ɗa a matsayin mai ceto sa'ad da uba ya rasa. Ba ta mai da shi rumbun da uba zai ƙi noma saboda shi ba. Kyautata wa iyaye kam ba shi da iyaka, kuma ɗan kirki ba ya jiran mahaifinsa ya talauce kafin ya yi masa hidima, amma uba mai hankali ba ya gina lissafinsa a kan arzikin da ɗansa bai samu ba tukuna.

Har ila yau, a mazhabar nan tamu wajibcin ciyarwa bai wuce mata, da iyaye, da 'ya'ya ba. Alƙali ba zai tilasta wa mutum ya ci da wansa, ko baffansa, ko ma kakansa ba, ko da yake sada zumunci yana kiransa ga hakan. To, tsohon da Allah bai ba haihuwa ba fa? Da tsohuwar da 'ya'yanta suka riga ta? Da wanda 'ya'yansa suka fi shi talauci? Waɗannan hakkinsu yana kan zakka da Baitulmali. Abu Yusuf, alƙalin alƙalai na Halifa Haruna Rashidi, ya kawo a littafinsa na Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho makaho, Bayahude, yana bara a ƙofar gida. Da ya tambaye shi, sai ya ce jiziya da bukata da tsufa ne suka fito da shi. Umar ya kama hannunsa ya kai shi gidansa ya ba shi abin da ya samu, sa'an nan ya umarci ma'aji ya kula da shi da ire-irensa, ya kuma ɗauke musu jiziya, yana mai nuna cewa ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi in ya tsufa. A cikin littafin nan kuma akwai yarjejeniyar Halidu ɗan Walidu da mutanen Hira, wadda ta tanadi cewa tsohon da ya kasa aiki za a ci da shi da iyalinsa daga Baitulmalin Musulmi. An yi wannan fiye da shekara 1,200 kafin Bismak. Hukumomin zakka da hubusi da aka kafa a jihohinmu bayan 1999 ya kamata su riƙe rajistar irin waɗannan tsofaffi unguwa-unguwa, maimakon rabon da ake yi sau ɗaya a shekara gaban masu ɗaukar hoto.

Shi kuwa tanadin mutum ga kansa, wasu na ganin kamar raunin tawakkali ne. Wannan kuskure ne. Ya tabbata a Buhari daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda daga dabinon Banu Nadir. Wa ya kai shi dogara ga Allah? Annabi Yusufu, alaihis salamu, shawarar da ya ba mutanen Masar ita ce su yi noma shekara bakwai, su bar hatsin a zangarniyarsa sai ɗan abin da za su ci, don shekarun fari masu zuwa, kuma duk manomin da ya taɓa ɗaure damin gero ya san hikimar barin sa a zangarniya. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo a Makka ya nemi ya yi sadaka da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi bai yarje masa ba, ya nemi rabi, bai yarje ba, sai sulusi, ya kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. In an hana mutum ya talauta magadansa da sadaka, ina ga wanda ya talauta kansa da bikin da ya fi ƙarfinsa?

Yanzu mu juyo ga ma'aikaci. Tsofaffin ma'aikata ba su manta da 1975 ba, sa'ad da Gwamnatin Janar Murtala ta sallami fiye da mutum 10,000 daga aiki, da yawa a rediyo suka ji sunansu. Tun daga ran nan ma'aikacin Nijeriya ya san kujera ba gado ba ce. Wasu sun ɗauki darasin ta hanyar da ba ta dace ba, suka ce tun da haka ne bari su tara ta ko wace hanya. Wannan ba tanadi ba ne, ajiye garwashi ne a aljihu. Bayan haka aka yi shekaru ana ganin 'yan fensho cikin layin tantancewa, rana na dukansu, bashin watanni a kansu. A 2004 aka sake tsari, aka ɗauko irin na tara naka: kowane ma'aikaci da asusunsa. Dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ba shi aiki kashi 10. A 2021 aka buɗe sashen da ba ya hulɗa da riba, wanda ake kira Asusu na Shida, kuma ma'aikaci yana iya rubuta wa kamfanin da ke riƙe da fenshonsa ya nemi a mai da shi can. Nawa ne cikin masu karanta wannan shafi suka nema? Da yawa ba su ma san nawa ke cikin asusunsu ba, wasu kuma ana cire musu a takardar albashi alhali ba a zuba ba, ba su taɓa bincikawa ba.

Amma ko an zuba daidai, akwai ɓarawon da ba ya fasa ƙofa, watau faɗuwar darajar kuɗi. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin Gwamnati, kafin Fabrairu na 2024 ya ƙare ta haura naira 1,500, kuma a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Wanda ya karɓi garatuti kafin wannan ya ajiye shi tsaba, yana ji yana gani rabinsa ya narke. Sauran ƙasashe ma sun ɗanɗana. A Lebanon daga 2019 bankuna suka hana mutane ajiyarsu, a Gana kuwa a farkon 2023 'yan fensho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi don kada a taɓa takardun bashin da suka saya wa Gwamnati, har da tsohuwar babbar jojin ƙasar a cikinsu. Saboda haka ra'ayina shi ne ma'aikaci ya ɗauki fensho kamar ƙafa ɗaya ta murhu. Ma'aikacin Gwamnati ya san ranar fitarsa tun ran da ya shiga, shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, wadda ta riga zuwa. Ya mallaki inda zai kwana kafin ranar, ko da ɗaki biyu ne a bayan gari. Ya koyi sana'ar da zai koma tun da sauran shekara goma, domin wanda ya fara kiwon kaji ko sayar da hatsi da kuɗin sallamarsa, ranar da ya fara koyo ita ce ranar da ya sa dukan jarinsa, kuma 'yan damfara sun fi kowa sanin ranar da ake biyan garatuti.

Ɗan kasuwa shi ba mai rubuta masa takardar sallama, shi ya sa yake ganin ya tsira. A 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fensho don masu sana'ar kansu, amma waɗanda suka shiga ba su taka kara sun karya ba. Attajirinmu ya fi yarda da gida, da fili, da shanu, da kaya a sito, kuma a ƙasar da kuɗi ke narkewa ba zan ce ya yi wauta ba. Inda haɗarin yake shi ne dukiya duka ta kasance a rumfa guda. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban rumfuna a dare ɗaya, wanda ke da shekara 30 ya sake tashi, mai shekara 65 fa?

Akwai kuma abin da ya fi gobara yawan aukuwa, shi ne miƙa kasuwa ba a rubuce ba. Dattijo ya gaji, ya ce wa babban ɗansa ko amintaccen yaronsa ya ci gaba da shago, ya riƙa aiko da cefane. Wannan mene ne a Shari'a? Kyauta ce, ko bashi, ko ijara, ko ƙiradi? Ba wanda ya sani, har shi mai bayarwar. In ƙiradi ne, malamanmu sun sharɗanta jarin ya zama tsabar kuɗi sananne, ba tarin kaya ba, a kuma ambaci rabon riba da kaso, kamar rabi ko sulusi, ba adadin naira kaza a wata ba, hasara kuwa a kan mai jari take muddin mai juyawa bai yi sakaci ko ƙetare iyaka ba. In kyauta ce, a wurin Malikawa ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya mutu, ko ya shiga ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. Uban da ya ce ya ba ɗansa shago, alhali mabuɗi da littafin ciniki da takardar rumfa suna ƙarƙashin matashinsa har ya cika, shagon nan gado ne, za a raba shi da sauran magada, mata da 'yan mata duka, ko da ɗan ya yi shekara 20 yana zaune a ciki. Wasiyya kuwa ba ta gyara wannan, tun da ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka wanda zai miƙa kasuwarsa ya kira malami da shaidu biyu, a ƙidaya kaya, a faɗi sunan abin da ake ƙullawa, a rubuta abin da za a riƙa ba dattijo da iyalinsa, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.

Masu tambaya game da zakkar kuɗin da ke kulle a asusun fensho, da na garatuti ran da aka karɓe shi, su yi haƙuri, malamai sun yi saɓani a kai kuma maganar tana da tsawo. Za mu ɗauko ta mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.